Hatimin Ma'aji a Bakin Birgi

Da sunan Wanda ya kafa sama ba ginshiƙi, ya zuba teku ba randa, ya halicci mai hankali, ya halicci wawa, sannan ya halicci wawan da ke zaton shi mai hankali ne. A kashi na ukun nan aka rubuta sunana, kuma ban gane ba sai da na ƙetare hamada ɗaya da teku biyu.

Ni ce Gwamma 'yar Makau, daga Tungar Makau a bakin babban kogi. Sarkawa ne mu, kamun kifi muka gada kaka da kakanni. Duk wanda ya san birgi, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai ta nutse ta rufe kifi, ya san ba zare ke kamu ba, nauyin da ke bakinta ne. Mu da gasasshen yumɓu muke yi, ko tsakuwa. Yumɓu ya fashe, tsakuwa ta kwance. Dalma ita ce sarauniya, sai dai a koginmu samun dalma ya fi samun ƙwan zabo da rani wuya.

Wata rana wani bafatake ya sauka a tungarmu, yana cin kifinmu yana ba mu labari, har ya ce a babban birnin Rumawa dalma a juji ake zubar da ita kamar ƙwallon dabino. Maza suka yi dariya. Ni ban yi ba. A lokacin na binne miji, na aurar da 'ya'ya, ba mai cewa zauna in zauna.

Yayana ya ce, "Gwamma, ashe shekara hamsin ba ta raba ki da hauka ba?"

Na ce, "Ta dai raba ni da neman izini, Yaya."

Na bi ayari.

Bayan wata huɗu muka isa Garin Manda, inda kome na gishiri ne: ganuwa, soraye, gadaje, har kujerar alƙali. Ba a kuka a garin sai an fita bayan ganuwa. Ba wanda ya gaya mini, ni kuma ban tambaya ba. Da azahar na sami inuwar wani bango na jingina, barci ya kwashe ni, gumi ya shiga aikinsa. Ban farka ba sai ji na yi na faɗa rigingine a tsakar gidan alƙalin garin, ƙafafu a sama, shi yana zaune da loma a hannu. Ga siffata nan a jikin bangonsa an yanke tsaf, har tudun ɗaurin kallabi.

Ya yanke hukunci in tsaya a ɓarakar in toshe ta da jikina har magina su dawo daga haƙar gishiri, wata guda cur.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, na yarda. Amma kada in cuce ka. Wannan da ka gani gumin barci ne. Na tsoro bai fara zuwa ba tukuna."

Ya dubi bango, ya dubi ginshiƙin ɗakinsa, ya dube ni. Kafin la'asar an ba ni jaki, an raka ni ƙofar gari, dogarai biyu suna yi mini fifita.

Daga nan sai teku. Na shiga jirgi ina cika wa matuƙa baki cewa a cikin kwalekwale aka haife ni. Kwana uku na yi kaina a rataye a gefen jirgi ina mayar wa kifaye duk abin da na ci tun Garin Manda. Na ga kifi mai fiffike yana tashi garke garke kamar jan baki. Na ga tsibiri ya taso, ya fesa ruwa sama, ya koma. A rana ta goma sha biyu jirginmu ya daki dutse ya rabe biyu, ni 'yar ruwa gadon ruwa, sai da wasu mata suka maƙalo ni da ƙugiya ta gefen zane suka jawo ni kamar mataccen kada.

Tsibirin Mirsina ke nan, ƙasar Rumawa. Matan kuwa Nasara ne masu ibada, sun bar aure sun bar ado, suna zaune gida ɗaya a kan tudu. Shugabarsu Anisiya, kowa Uwa yake ce mata. Na girme ta da shekara goma, amma tun da ita ta matse mini ruwa daga ciki, ni ma Uwa na kira ta. Suka ba ni ɗaki, suka nuna mini gabas, ba wadda ta taɓa ce mini don me kike sallarki. Shekara guda na yi a cikinsu ina gyara ragar masuntan ƙauyen da ke ƙasan tudun, na koyi harshensu, na fara da zagi don shi ya fi saurin shiga.

A shekarar ne sha'ir ya ƙi. Bara ma bai yi ba. Mutum ɗari uku ne a tsibirin, aka auna abin da ya rage aka ga in an tsinkaka kunu zai kai wata biyu da rabi. Kifi kuwa ya yi nisa da gaɓa, jiragensu ƙanana ne. Babbar Majami'arsu tana da rumbunan hatsi a tashar Argiro, yini guda daga tsibirin, amma ba a buɗe su sai da takarda daga Ma'ajin Majami'a, shi kuwa yana can babban birni, tafiyar kwana tara.

Uwa ta ce za ta je. Na dafa ƙirji na ce ba zan bar ta ita kaɗai ba. Matan suka yi ta sa mini albarka, wata har da hawaye. Allah ya sani, ni ma na sani: jujin dalma nake hange.

Birnin nan ba ya faɗuwa. Ganuwa uku ce a jere, kowace ta fi 'yar'uwarta tsawo. An gitta sarƙa a bakin tashar jirage, kowane zobe ya kai turmi. Babbar Majami'a kuwa rufinta kamar an kifa ƙwaryar zinariya an rataye ta daga sama ba igiya. Na yi tari a cikinta da hantsi, da na koma da azahar na tarar da tarin nawa yana ta zagaye bai sami hanyar fita ba.

Duk wannan da gefen ido na kalla. A bayan Gidan Takardu na Majami'a, inda ƙasa ta gangara zuwa teku, na sami abin da ya raba ni da gida. Bafatake bai yi ƙarya ba. Tuli ne guda, 'yan fayafayan dalma kowane kamar faɗin babban yatsa biyu, gefe ɗaya da hoton mutum, gefe ɗaya da rubutu, da guntun zare a tsakiya. Ina tsaye wani magatakarda ya leƙo ta taga ya watso wasu kamar mai zubar da ɓawon gyaɗa.

Garin iska ne da shi. Na ga manzanni suna wucewa da takardu, kowace da dalma tana lilo a gindinta. Nan take na gane, a ganina. Na ce a raina, kai, Rumawan nan da dabara suke! Sun ga iska na kwashe musu takarda, sai suka yi mata nauyi irin na birgi. In takarda ta iso sai a yanke nauyin a yar. Na yaba musu, na yaba wa kaina da na gane ba tare da an gaya mini ba.

Kwana arba'in Uwa tana zarya a ƙofar Ma'aji Kalinikos, tsoho ne kuma ba shi da lafiya. Kwana arba'in ni ina tsugune a juji ina cika buhu. Ranar da ta fito da takarda, ta ɗaga dalmar da ke rataye da jan zare ta sumbace ta tana kuka. Ban ɗauke shi a bakin kome ba. Mutanen nan kome sumbata suke yi: ƙofa, hoto, hannun tsoho. Na ce yau kuma abin ya zo kan nauyi.

Muka shiga jirgin wani Lazaru, ni da buhuna biyu da sai da ƙarti huɗu suka ɗora. Kwana uku da tashi hadari ya taso, ruwa ya fara shigowa. Lazaru ya dubi kaya ya ce a rage. Na kwanta a kan buhunan na ce sai dai a jefa da ni. Ya ce, "Ke ba ki kai nauyinsu ba, Iya, da da ke zan fara." Suka ɗaga ni gefe kamar tabarma, suka jefa buhunan a teku. Na yi wa dalmar nan kukan da ban yi wa mijina ba.

Hadari ya wuce ya tafi da iska duka. Teku ta kwanta kamar man shanu a ƙwarya. Kwana shida jirgi bai motsa ba, guzuri ya ƙare, matuƙa suka fara tauna fata. Zazzaɓi ya kwantar da Uwa, ba ta san inda take ba. Ga kifi ƙarƙashinmu yana kai da kawo, ba mai abin kama shi.

Na ce to, yau ranar 'yar Makau ce. Na warware tsohon ƙyallen filafilan jirgi na saƙa birgi cikin yini biyu. Nauyi ne ya gagara. Na ɗaura ƙusoshi, na ɗaura zoben tagulla, na ɗaura hannun ludayin ƙarfe. Na wurga, gefe ɗaya ya ƙi sauka, kifi ya bi ta nan ya fice yana kaɗa mini wutsiya. Nauyi ɗaya tak ya rage mini, mai kyau.

Takardar tana cikin kube na fata a ƙarƙashin kan Uwa. Na zaro ta a hankali don kada in tashi mara lafiya, ku ji ladabi. Na sa wuƙa na yanke jan zaren. Kuma don kada a ce 'yar Makau ta ɗauki abin mutane ba ta mayar da madadi ba, na sauka cikin jirgi inda ake zuba duwatsu, na zaɓo tsakuwa fara sol, mai santsi, na ɗaure ta a gindin takardar da ƙulli uku. Na auna a tafin hannu, har ta ɗan fi dalmar nauyi. Na ce sun ma ci riba.

Na ninke dalmar biyu a kan igiyar birgi, na bubbuge ta ta kama. Wurgi ɗaya, raga ta buɗe kamar wata daren sha huɗu. Sai da mutum uku suka taya ni ja. Jirgi ya ci ya ƙoshi, Uwa ta sha romo ta buɗe ido, Lazaru ya sumbaci hannuna, ni kuwa na zauna a kan tulin igiya ina ba su tarihin sarkawa tun daga kakan kakana. Ban taɓa jin daɗin kaina kamar ranar ba.

Iska ta dawo, muka sauka Argiro. Mai tsaron rumbunan sunansa Nikita, siriri ne kamar tsinke, makullai sun fi shi nauyi. Uwa ta miƙa masa kube da hannu biyu. Ya zaro takarda. Tsakuwata ta faɗo tana lilo, tana sheƙi a rana.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Uwa, wannan wane waliyyi ne?"

Uwa ta dubi tsakuwar, ta leƙa cikin kuben.

Na matso na ce, "Ni na sauya. Dalmar na yi aiki da ita. Kada ka damu, wannan ta fi ta riƙe takarda, auna ka ji."

Ya ce, "Riƙe takarda."

"Saboda iska mana."

Nikita ya nemi wuri ya zauna. Ya ce, "Tsohuwa, daga wace rijiya aka jawo ki? Takarda kowa na iya rubutawa, ni ma na iya. Dalmar nan ita ce bakin Ma'aji. Yana da awartakin ƙarfe da aka sassaƙa sunansa a ciki, babu irinsa a duniya. A zura zare a takarda, a zura a dalma, a matse da awartakin a buga guduma. Wanda ya ga hatimin ya ji muryarsa. Ke kin yanke masa harshe kin ɗaura masa dutse."

Na kwance birgi na nuna masa inda take. Ya taɓa ta da farce ya ce, "Curin dalma ne wannan. Ko da ma lafiyarta lau, tun da aka yanke zare magana ta mutu."

Na ce, "To buɗe rumbun, in an tambaya ka ce ni ce. A yi mini abin da za a yi."

Ya ce, "Wanda na gada ya taɓa buɗewa don tausayi. Yana nan bakin kasuwa ba idanu, jansa ake yi da sanda."

Ina jin ƙanshin hatsi ta ƙarƙashin ƙofa. Daga inda muke tsaye, in ka ƙura ido, kana hango tudun Mirsina kamar hayaƙi a kan ruwa. Uwa ta karɓi takardarta ta naɗe, har da tsakuwar. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Mutum ɗari uku, Gwamma." Ba ta ƙara yi mini magana ba har muka sake cin kwana tara a ruwa zuwa birni.

Muna shiga tasha muka ji ana buga katakon da suke kiran ibada da shi, ɗaya ɗaya, a hankali. Ma'aji Kalinikos ya rasu jiya. Ba za a naɗa wani ba sai bayan babban idinsu, wata uku nan gaba. Kuma al'adarsu ce, rana ta uku da mutuwar mai hatimi a fito da awartakinsa tsakar Gidan Takardu, maƙeri ya farfasa shi a gaban shaidu, don kada wani ya yi magana da bakin mamaci.

Uwa ta je ta durƙusa gaban Babban Magatakarda, Sofroniyos. Ya ce shi aikinsa shaida ne, ba shi da ikon ba da ko ƙwayar hatsi. In da Ma'aji ya bayar kafin ya mutu, sai ya shaida. Amma me zai shaida? Takarda da dutse?

Ni kuwa ƙafata ta kai ni juji, don nan kaɗai na sani a birnin. Na zauna a kan dukiyar da na baro gida dominta, na ji ko kallonta ba na so. Can dai na ɗauki ɗaya, na yi abin da ban yi ba cikin kwana arba'in: na dube ta. Na ɗauki wata. Wannan Nana Maryama ce da hannuwa a ɗage, wannan wani mai gemu ne da littafi, wannan mai mashi. Ban iya karanta rubutunsu ba, amma idon da ya saba rarrabe kifi dubu a kwando ba ya rasa gane iri. Na shiga kasa su kashi kashi. Na tuna fuskar wadda na yanke, na nemo 'yan'uwanta, na sami goma sha ɗaya. Duk sha ɗayan, a gefen rubutu, akwai wani ɗan siririn layi da ya taso ya ratsa baƙaƙen a karkace, wuri ɗaya, kamar jijiya a bayan hannu. Sauran iri ba su da shi. Ashe ƙarfen tsohon ya tsage.

Washegari na maƙale a tagar magatakarda tun hantsi ina kallon yadda ake bugawa, har suka gaji da korata. Na ga zare ta cikin wani ɗan rami yake ratsa dalma, in an buga sai ta cije shi. Sai na tuna. Ni ninke ta na yi. Bayanta na buga, cikinta ban taɓa ba.

Na zauna da birgi a cinya, na sa bakin wuƙa da ƙayar kifi, ina buɗe ta kaɗan kaɗan kamar mai ɓare ƙwai ɗanye. Hoton Nana Maryama ya tafi, na daka shi ya zama sumul. Amma a ciki ga rubutu nan daram, ga jijiyar nan ta ratsa shi, ga guntun jan zare a maƙale a raminsa.

Rana ta uku na makara, don masu gadi sun hana ni shiga, sai da na bi bayan wasu masu ɗauke da kyandir na sunkuya kamar ina cikinsu. Na tarar tsakar gida cike da limamansu cikin baƙaƙen riguna. Babban Magatakarda yana zaune, Uwa tana can gefe a tsaye. An buɗe awartakin an ɗora a kan maƙera. Maƙerin, wani ƙato mai suna Bardas, ya riga ya ɗaga guduma.

Na yi ihu da harshensu, sai zagi ya fito, don shi na fi iyawa. Ba wanda ya tsaya. Na kutsa na kifa hannuna a kan ƙarfen.

Bawan Allah ya yi ƙoƙari, ya karkatar da gudumar, amma abin da ya taso daga sama sai ya sauka. Ta sami ƙaramin yatsana da mai bi masa. Na ga taurari da rana tsaka. Bardas ya yar da guduma yana salati irin nasu.

Babban Magatakarda ya ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, jakar da ta ɗaure wa takardar Ma'aji tsakuwa."

Na ba su labari duka, ban rage ba, har da yabon da na yi wa Rumawa kan dabarar iska. Wani mai ƙiba ya fara, ya toshe baki da hannun riga, sai abin ya kama sauran, limamai a gidan makoki suna riƙe ciki. Na bar su suka gama. Na cancanci dariyar, ta halatta.

Sofroniyos kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Me kike so?"

Na ce, "Ka ce aikinka shaida. To ga abin shaida. Kafin a fasa ƙarfen nan, a sa wannan a bakinsa. In ba ɗiyarsa ba ce, a ɗora ɗaya hannun."

Ya yi wa Bardas nuni. Maƙerin ya goge jinina daga kan ƙarfen, ya karɓi dalmar, ya kifa ta a kan sassaƙen, ya ɗan juya ta. Ta faɗa ta zauna kamar ƙafa a sawunta. Ya gwada motsa ta, ta ƙi. Ya ɗaga ya nuna tsagar da ke jikin ƙarfe, ya nuna jijiyar da ke jikin dalma.

Wani tsamurarren limami ya ce, "Wannan ya nuna hatimin marigayi ne. Bai nuna na wannan takarda ba ne. Juji cike yake da irinsa."

Gaskiya ya faɗa, na ji haushinsa. Na ce, "Uwa, kawo takardar." Karo na farko ke nan da ta dube ni cikin kwana goma sha biyu. Na kwance tsakuwata da haƙori, don hannu ya ƙi. Na ce, "Ku masu takardu da almakashi kuke yanka, a miƙe. Ni da wuƙar fawar kifi na yanka, mai giɓi a baki, kuma a karkace. Ku haɗa bakin zaren nan da na cikin dalmar."

Sofroniyos da kansa ya sauko ya haɗa. Sili uku ne a zaren, biyu sun yanku, ɗaya ya tsinke ya bar gashi. Gashin da ya rage a takarda shi ne ya ɓace a dalma.

Ya koma ya zauna, ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Kin san hukuncin wanda ya yanke hatimi mai rai?"

Na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe, amma yau na fara tambaya."

"Hannu ne."

Na ce, "To a yi sauri, jirgi na jiranmu."

Ya dubi hannun, ya kumbura ya yi kamar rogo. Ya ce, "Bardas ya riga ya karɓi biyu. Ragowar ukun ki je ki ɗauki buhu da su."

Ya sa aka rubuta a ƙasan takardar abin da idonsa ya gani. Aka zura sabon zare ta cikin takarda, aka ɗaure gurguwar dalmata, aka zura wata sabuwa kusa da ita, ya buga nasa hatimin. Sannan Bardas ya ɗauki guduma, ya dube ni ya ce, "Iya, matsa can. Can dai. Ƙara." Bugu uku, bakin Ma'aji Kalinikos ya rufe har abada.

Kwana tara muka sake yi a ruwa. Kuben a ƙirjin Uwa ya kwana ya tashi, in na matso kusa sai ta dafe shi. A Argiro Nikita ya juya hatiman biyu, ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Yau ba a zo mana da waliyyin dutse ba?" Ya zaro makulli. Buhu ɗari huɗu muka ɗora a jirage uku, na ɗauki rabona da yatsu uku kamar yadda aka ce.

Da muka doshi Mirsina mutane suka gangaro gaɓa. Ba gudu suke ba, ba mai ƙarfin gudu. Sun cinye iri, sun cinye jakuna, sun shiga ganyaye. A gefen tudu na ƙirga sababbin kaburbura tara, huɗu gajeru ne.

Wata mata ta tsaya a gabanmu, sunanta Falajiya, matar wani masunci da na sha gyara wa raga. Goyonta ba ya bayanta. Ba ta dubi buhunan ba. Ta ce, "Uwa, me ya tsare ku? Kwana shida da suka wuce yana da rai."

Uwa ta ce, "'Yata, iska ce ta..."

Na ce, "Ba iska ba ce. Ni ce."

Na faɗa musu a nan bakin ruwa, kamar yadda na faɗa a birni, kalma ɗaya ban sauya ba. Labarin da ya kwantar da limamai da dariya, a nan ko tari ba wanda ya yi. Kwana ashirin da ɗaya wautata ta ci musu, kowa ya iya lissafin da kansa.

Falajiya ta dubi fuskata, ta dubi hannun da ke naɗe da tsumma. Ta kama ni ta ɗaya hannun, ta ja ni muka hau har ƙofar gidanta, inda dutsen niƙa yake, ƙura ta rufe shi. Ta zuba sha'ir mudu guda.

Ta ce, "Niƙa. In kin gama nawa, akwai gida takwas."

Na durƙusa na niƙa. Kullum gida tara, daga fitowar rana har ta karkata, damina ta zo ta same ni a kan dutse, aka shuka, aka yi noma, yatsun suka warke a lanƙwashe. Falajiya ba ta gaishe ni ba ko sau ɗaya. Takan zuba hatsi, ta kwashe gari, ta shige.

Ranar da aka girbe sabon sha'ir na zo kamar kullum, na tarar ba hatsi a kan dutsen. Gurasa ce guda, da ɗuminta, ta ƙone ta gefe ɗaya. Ƙofar gidan a rufe take, amma ina jin motsinta a bayan ƙyaure.

Na zauna a ƙasa na cinye, har ƙonannen.